Akwatin Anti: “Yini ba ya isata”

Wasiƙun da suka taru a wannan watan kusan duk kukansu ɗaya ne, lokaci da gajiya. Na zaɓi biyar, na rage musu tsawo, na cire sunaye kamar yadda muka saba.

TAMBAYA

Assalamu alaikum Anti. Ni ma'aikaciya ce a sashen lissafin kuɗi na wani kamfani, ina da aure da yara uku, ƙaramin bai kai shekara biyu ba. Ina karatun digiri na biyu da yamma, kuma ina ɗan sayar da kaya ta waya. Kullum da dare nakan rubuta abin da zan yi gobe, wani lokacin ya kai abu ashirin, amma da ƙyar nake gama shida ko bakwai. Na koma tashi ƙarfe huɗu na dare don in ƙara lokaci, duk da haka ba ta sauya zani ba. Ina ganin lalaci ne ya kama ni. Don Allah ki tsara min jadawalin da zai ɗauke duka.

AMSA

Wa'alaikumus salam, 'yata. Jadawalin da kike nema ba zan iya tsara miki shi ba, kuma duk wanda ya ce zai iya, daɗin baki ya yi miki. Kafin ki ji haushina, ɗauko biro mu yi lissafi, tunda lissafi sana'arki ce.

Mako guda sa'a 168 ne ga kowa. Cire barci, sa'a bakwai kowane dare, 49 ke nan, saura 119. Ofis sa'a 40, zuwa da dawowa in na yi miki sassauci sa'a 8, saura 71. Aji da karatun gida ba za su gaza 15 ba in dai ana so a ci jarrabawa, saura 56. Wanka, shiri da cin abincinki ke kanki, mu ce 10, saura 46. Girki, wanki, shara, wankan yara, duba aikin makarantarsu, rarrashin ɗan ƙaramin: sa'a biyar a yini ƙiyasin mai tausayi ne, amma bar shi a haka, 35. Abin da ya rage sa'a 11 ne a mako, wato wajen sa'a ɗaya da rabi a yini. A cikin wannan ɗan lokacin kike so ki sayar da kaya, ki amsa wa masu ciniki, ki zauna da maigidanki, ki kira iyayenki, ki kai yaro asibiti ranar da zazzaɓi ya tashi. Ƙiyasi na yi, ki sauya alƙaluman da naki na gaskiya, amma ba na jin za su yi nisa da nawa. To ina lalacin yake? Wadda ke gama abu bakwai a irin wannan yinin ba malalaciya ba ce. Takardar ce take miki ƙarya, kuma da hannunki kika rubuta ta.

Ba ke kaɗai kike yi wa kanki wannan ƙaryar ba. A 1994 wani masanin halayyar ɗan'adam a Kanada, Roger Buehler, shi da abokan aikinsa suka tambayi ɗaliban jami'a 'yan ajin ƙarshe kwana nawa suke ganin zai ɗauke su kafin su miƙa kundin bincikensu. Matsakaicin amsarsu kwana 34. Aka ce musu to ku ɗauka komai ya dagule, duk abin da zai iya lalacewa ya lalace, suka ce kwana 49. Da aka bi sawunsu, sai da suka cinye kwana 55 da ɗoriya. Ki lura da kyau: ko mafi munin hasashensu bai kamo gaskiya ba. Idan mutum zai ƙiyasta aiki, yana hango shi ne yadda zai tafi in babu cikas, ya manta cewa bai taɓa tafiya haka ba.

“Shirya yara” layi ɗaya ne a takardarki, a cikin kanki kuma minti ashirin ne. A zahiri fa? Takalmi ƙafa ɗaya ya ɓata, sai an leƙa ƙarƙashin gado. Babbar ta tuna a bakin ƙofa cewa akwai takardar da za ki sa wa hannu, biro kuma ya ƙi fitowa daga jaka. Ɗan ƙaramin da kika gama shiryawa tsaf ya ɓata rigarsa, a sake sabon lale. Kafin ki ɗaga kai minti hamsin sun wuce. Gobe ba takalmi ne zai ɓata ba, wani abin ne daban, amma minti hamsin ɗin suna nan.

Saboda haka, mako mai zuwa kada ki rubuta abin da za ki yi. Ki rubuta abin da kika yi, da ƙarfe nawa kika fara, ƙarfe nawa kika gama, har da zaman da kika yi da waya a hannu. Kada ki gyara komai a makon, kallo kawai za ki yi. Daga nan duk aikin da za ki sa a jadawali, ki ba shi lokacin da agogo ya ce yana ci, ba wanda zuciyarki ke so ya ci ba. Takardar gobe kuma kada ta wuce manyan abubuwa uku, ki bar wani yanki na yinin babu komai a cikinsa, don abin da ba ki shirya wa ba yana nan tafe.

Amma ko wannan ba zai isa ba, kuma nan ne maganar da ba za ki so ji ba. Iya ninke kaya yana ƙara wa akwati wuri har zuwa wani mataki. Daga nan sai dai a cire wani abu, ko a danna da gwiwa har zif ya fashe. Naki akwatin ya wuce matakin ninki. Da ni ce, kasuwancin zan jingine har a gama digiri, ko in mayar da shi yini ɗaya a mako, in sanar da masu saye cewa ranar kaɗai ake amsawa. Idan kuwa kuɗinsa ne ke riƙe da wani ɓangare na gidan, to karatun za a sassauta, ki tambayi makaranta ko za a rage miki kwasa-kwasan zango ko da gamawar za ta ƙara nisa. Ke kika san wanne ya fi sauƙin ajiyewa. Abin da na sani shi ne in ba ki zaɓa da kanki ba, jikinki ne zai zaɓa miki, kuma shi ba ya shawara.

Tashin ƙarfe huɗun nan ki daina shi, sai fa in ƙarfe tara kike kwanciya, wanda na tabbata ba haka ba ne. A 2003 masu bincike a Jami'ar Pennsylvania ta Amurka sun taƙaita wa lafiyayyun mutane barci zuwa sa'a shida kowane dare har kwana 14. A ƙarshe, natsuwarsu da saurin fahimtarsu sun faɗi zuwa matakin wanda ya yi dare ɗaya ko biyu bai runtsa ba. Abin da ya fi ba ni tsoro a binciken shi ne su mutanen ba su ji haka a jikinsu ba, da aka tambaye su sai suka ce ɗan barci-barci kawai suke ji. Ke da aikinki alƙaluma ne, kin san abin da sifiri ɗaya a inda bai dace ba yake jawowa. Sa'o'in da kike yankowa daga barci kina biyan su da rana, wajen sake duba lissafin da ya ƙi daidaita.

Sai waɗancan sa'o'i 35 na gida. Ban ga maigidanki a wasiƙarki ba sai a kalmar “aure”. Ki zaunar da shi a lokacin da hankalinku ke kwance, ba a tsakiyar rigimar safiya ba, ki nuna masa lissafin a rubuce. “Na gaji” magana ce da kunne ya saba da ita har ta daina shiga. Alƙalami a takarda kuwa yana da wuyar musu. Kada ki ce “ka riƙa taimaka min”, ki ce “ka ɗauki kai yara makaranta da duba aikinsu”. Babbar 'yarki ma in ta tasa, akwai abin da za ta iya.

TAMBAYA

Hajiya, barka da aiki. Ni ma'aikacin jinya ne, na fi shekara goma a aikin, kuma da son raina na shige shi. Yanzu idan mara lafiya ya kira ni sai in ji kamar ya takura min. Kwanan baya wata tsohuwa tana kuka a gabana ban ji komai ba, sai da na dawo gida abin ya dame ni. Na ɗauki hutun mako biyu, na dawo, cikin kwana uku na koma yadda nake. Shin zuciyata ce ta bushe, ko tsarin lokacina ne ba daidai ba?

AMSA

Barka kadai, ƙanena. Wanda zuciyarsa ta bushe ba ya komawa gida abin ya dame shi, balle ya zauna ya rubuto wasiƙa. Kuma wannan ba matsalar jadawali ba ce, don haka kada ka ɓata kuɗinka wajen sayen littafin tsara lokaci.

Abin da ka siffanta sananne ne, da Turanci ana kiransa “burnout”, wato ƙarewar ƙarfi da sha'awa saboda matsin aiki. A 1974 wani masanin halayyar ɗan'adam a Amurka, Herbert Freudenberger, ya rubuta shi bayan ya gan shi a jikinsa da jikin abokan aikinsa a wani asibitin sa-kai da ke kula da masu shan ƙwaya. Ya lura cewa waɗanda suka fi ba da kansu ga aikin su ne suka fi faɗawa ciki. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fayyace shi a kundinta na rarrabe cututtuka, ba a matsayin cuta ba, a matsayin halin da matsin aiki mai tsawo ke jefa mutum idan ba a shawo kansa ba. Ta ba shi alamomi uku: ƙarfi ya ƙare, mutum ya nisanta da aikinsa a zuci har ya fara jin haushinsa ko raina shi, sannan ƙwazonsa ya ragu. Na biyun ne ya firgita ka. Rashin jin komai a gaban tsohuwar nan kariya ce da zuciya ke yi wa kanta idan an daɗe ana ɗibar ta ba a mayar mata.

Na yi shekaru a ofishin kula da ma'aikata, kuma tagata tana kallon wurin ajiye motoci. Akwai wani bawan Allah da a da shi ke fara shigowa, yana tafe yana gaishe da kowa. Sai na fara ganin ya iso da wuri kamar kullum, ya kashe mota, ya bar hannuwansa biyu a kan sitiyari, ya zauna yana kallon bango. Ba waya yake yi ba, ba rediyo yake ji ba. Sai lokaci ya cika cif sannan ya fito. A takarda babu abin da za a kama shi da shi, bai taɓa makara ba, aikinsa na fita. Da takardar ajiye aikinsa ta iso teburina, shugabanninsa suka yi ta mamaki wai babu wata alama.

Hutun da ka ɗauka ya yi abin da hutu ke yi, ya sauke gajiyar jiki. Amma ka dawo ka tarar da abin da ya gajiyar da kai yana inda ka bar shi. Christina Maslach, wadda ta daɗe tana nazarin wannan matsala, ita da abokin aikinta Michael Leiter sun ce a duba wurare shida. Yawan aiki shi ne na farko, shi kowa ke gani. Sauran biyar ɗin kuwa sukan fi cin rai: ba ka da ta cewa a yadda ake tsara aikinka, ba a saka maka, ko da albashi ko da “sannu da ƙoƙari”, zama da abokan aiki ya yi tsami, ana fifita wasu a kan wasu, ko kuma ana sa ka yin aikin ta hanyar da ranka bai yarda da ita ba, kamar ka san mara lafiya na buƙatar minti goma ka ba shi biyu don layi ya yi tsawo. Ka zauna ka auna, wanne ne naka? Nakan ga mutum ya jure aiki mai nauyi shekara da shekaru, amma rashin adalci a rabon duti ya karya shi cikin 'yan watanni.

In ka gano shi, sai ka je wurin shugabanka da abu ɗaya tak, kuma a rubuce. Ka tattara jadawalin dutinka na watannin baya: dare nawa ka yi a jere, sau nawa aka kira ka ranar hutunka, marasa lafiya nawa ke hannunka a duti guda. Ka nemi abin da za a iya cewa e ko a'a a kansa, kamar a kayyade dararen da ake yi a jere, ko a riƙa fitar da jadawali da wuri, ko a mayar da kai wani sashe na wani lokaci. In akwai abokan aiki masu irin kukanka, ku je tare. Mutum ɗaya mai ƙorafi ana ce masa rago, mutum biyar kuwa sai a duba.

Kai ma'aikacin lafiya ne, don haka ka fi ni sanin abin da zan faɗa yanzu, kuma na san irinku ne kuka fi ƙin yin sa: ka je wani likita ya duba ka, ba kai ka duba kanka ba. Ƙarancin jini, ciwon sukari da matsalar tayirod (wata halitta da ke gaban wuya) duk suna zuwa da gajiya irin wannan. Ciwon damuwa ma haka, kuma shi ba ya tsayawa a ƙofar asibiti. In ka ga rashin jin daɗin ya bi ka har gida, 'ya'yanka da abokanka da abin da kake so a da duk sun fita daga ranka, ka faɗa wa likitan haka ƙarara. In kuwa tunanin mutuwa ko cutar da kanka ya taɓa gifta maka, ranar za ka je, ba sai mako mai zuwa ba.

Idan ka yi duk wannan aka ce maka haka aikin yake, to neman wani wuri ba gudun aiki ba ne. Sai dai kada ka ajiye aikin a ranar da ranka ya fi ɓaci. Ka nema a hankali kana kan albashinka.

TAMBAYA

Anti, ni ɗalibi ne, jarrabawa ta matso. Ina zama sa'a shida a gaban littafi amma in na tashi ba na tuna komai. Wayata tana gefe amma ba na daɗewa a kanta, leƙawa kawai nake yi.

AMSA

Ɗana, leƙawar ce matsalar. Duk sanda ka leƙa ka dawo, rabin hankalinka yana can wurin saƙon da ka gani, kafin ya gama dawowa ka sake leƙawa. Sa'a shida kujera ce ta same su, ba littafin ba.

Kai wayar wani ɗaki, ba aljihu ba, ba kife a kan tebur ba. Samo agogo na daban. Akwai dabarar da wani ɗan Italiya, Francesco Cirillo, ya ƙirƙiro yana ɗalibi a ƙarshen shekarun 1980: minti 25 na aiki ɗaya babu katsewa, hutun minti biyar, bayan zagaye huɗu a yi hutu mai ɗan tsawo. Minti 25 ɗin ba wahayi ba ne, in 40 ta fi maka ka yi 40. Abin da zan ƙara maka shi ne, a ƙarshen kowane zagaye ka rufe littafin ka rubuta abin da ka tuna a farar takarda, sannan ka buɗe ka ga abin da ya zube. Zai yi maka zafi fiye da maimaita karatu, kuma shi ya fi zama a kai. Sa'a uku a haka sun ishe ka.

TAMBAYA

Hajiya, ina da maɗaba'a da ma'aikata goma sha biyu. Muna buɗewa ƙarfe takwas na safe mu tashi tara na dare, kwana shida a mako, in aiki ya yi yawa har ranar hutun. Ina biyan su ƙarin sa'o'in. Amma kurakurai sai ƙaruwa suke, ana buga aiki a sake, kuma biyu daga cikin ƙwararruna sun tafi. Yaran yanzu ba sa son wahala. Yaya zan yi in dawo da da'a?

AMSA

Yallaɓai, da'a ba ta tafi ko'ina ba. Mutumin da ke tsaye a gaban inji daga takwas zuwa tara, ko an cire masa sa'a guda ta hutu, yana yi maka sa'a 72 a mako. Wanda ba ya son wahala ba ya yin wannan ko na wata ɗaya.

Bari in yi maka magana ta ɗan kasuwa tukuna, tunda ita za ta fi shiga. A Yaƙin Duniya na Ɗaya, Birtaniya ta matsa wa ma'aikatan masana'antun harsasai, yawancinsu mata, da dogayen sa'o'i, har gwamnati ta kafa kwamiti a 1915 ya duba lafiyarsu da yawan abin da suke ƙerawa. Kusan shekara ɗari bayan haka, a 2014, wani masanin tattalin arziki na Jami'ar Stanford, John Pencavel, ya koma kan waɗannan alƙaluman. Ya gano cewa har zuwa wajen sa'a 49 a mako, duk sa'ar da aka ƙara tana ƙara kaya daidai gwargwado. Daga nan ribar kowace sa'a sai ta fara raguwa, har ya zama abin da ake samarwa a sa'a 70 bai fi na sa'a 56 da wani abin kirki ba. Ya kuma ga cewa hana ma'aikata ranar hutu yana rage abin da suke samarwa. Aikinsu ba naka ba ne, amma ɗan'adam ɗin ɗaya ne, hannu da ido a gaban inji. Ma'ana, akwai yiwuwar sa'o'i goma sha shida da kake biya kowane mako ba sa kawo maka komai, kuma a cikinsu ne ake buga suna da harafi a juye a lalata maka takarda da tawada. Henry Ford ba don tausayi kaɗai ya mayar da masana'antarsa kwana biyar, sa'a 40, a 1926 ba.

Sai maganar da ta fi kuɗi. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun fitar da ƙiyasin cewa a shekarar 2016 kaɗai mutum 745,000 suka mutu da shanyewar ɓarin jiki da ciwon zuciya sakamakon aikin sa'a 55 ko fiye a mako. Idan aka kwatanta da mai yin sa'a 35 zuwa 40, haɗarin shanyewar ɓarin jiki ya ƙaru da kashi 35 cikin ɗari, na mutuwa da ciwon zuciya da kashi 17. Kai ma da kake buɗe ƙofa ka rufe, kana cikin lissafin nan. Yarjejeniyar farko da Ƙungiyar Ƙwadagon ta yi a 1919 a kan wannan batun ce, sa'a takwas a yini, 48 a mako a masana'antu. Ba yaran yanzu ne suka ƙirƙiro ta ba.

Ban ce ka yarda da ni ba, ka gwada. Ka fara ƙirga aikin da ake sake bugawa kowane mako, da ƙarfe nawa aka yi kuskuren. Sannan wata biyu a tashi ƙarfe shida, ranar hutu kuma ta zama hutu. Lokacin da aiki ya yi yawa a raba mutane kashi biyu, na safe da na yamma, maimakon kowa ya kai dare. Ka kwatanta alƙaluman.

Ina kuma zargin wani abu da ba ka faɗa ba. Mai maɗaba'ar da ma'aikatansa ke kai tara na dare kullum, yawanci shi ne wanda bakinsa ba ya iya cewa “sai jibi”. Duk wanda ya shigo da aiki sai ka ce masa gobe da safe ya zo ya karɓa, don kada ya tafi wani wuri, ka shiga ciki ka sauke alkawarin a kan mutum goma sha biyu. In haka ne, gyaran daga teburinka zai fara. Ka san abin da injinanka da mutanenka ke iya fitarwa a yini, in ya cika ka faɗa wa mai kawo aiki ranar gaskiya, mai gaggawa kuma ya biya kuɗin gaggawa. Sannan saƙon WhatsApp na ƙarfe goma sha ɗaya na dare, ka bar shi sai safe. A wurinka tunatarwa ce kawai, a wurin ma'aikaci maigida ne ya shigo masa ɗaki. Faransa sai da ta sa wannan a dokar ƙwadago a 2017, ta wajabta wa kamfanoni masu ma'aikata 50 ko fiye su tattauna da ma'aikatansu kan 'yancin kashe waya bayan an tashi. Kai ba sai ka jira doka ba.

Waɗannan biyun da suka tafi, in kuna gaisawa, ka kira ɗaya ka tambaye shi dalili, ka yi shiru har ya gama.

TAMBAYA

Anti, da zarar na kwanta sai ayyukan gobe su yi ta yawo a kaina, wani lokacin har ƙarfe biyu ido biyu. Ga gajiya, ga barci ya ƙi zuwa.

AMSA

'Yata, kanki yana tsoron kada ki manta ne, shi ya sa yake ta maimaita miki. Ki ba shi wurin ajiya. A 2018 Michael Scullin da abokan aikinsa a Jami'ar Baylor ta Amurka sun sa matasa 57 rubutun minti biyar kafin kwanciya. Rabi suka rubuta ayyukan da ke jiransu, rabi suka rubuta waɗanda suka riga suka gama. Masu rubuta na gaba sun riga sauran yin barci da wajen minti tara, kuma wanda ya fi rubutawa dalla-dalla ya fi saurin barci. Ƙaramin bincike ne na dare ɗaya, amma gwajin ba ya cin komai sai takarda.

Kada ki ce na saɓa wa abin da na gaya wa mai wasiƙar farko. Ita takardarta alkawari ce da take ɗaukar wa kanta cewa gobe za ta gama duka. Taki juyewa ce kawai, ki zazzage komai, babba da ƙarami, da safe ki zaɓi uku. A takarda za ki yi, ba a waya ba, kuma ba a kan gado ba.

Kofi, shayi mai ƙarfi da lemon ƙara kuzari su tsaya daga tsakar rana, don sinadarin da ke cikinsu yakan ɗauki wajen sa'a biyar kafin rabinsa ya bar jiki. In kin kwanta kamar minti ashirin barci bai zo ba, ki tashi ki zauna wani wuri da fitila mara haske sosai har sai idonki ya yi nauyi, sannan ki koma. Ki riƙa tashi lokaci ɗaya kowace safiya ko da daren bai yi kyau ba. Idan abin ya kai dare uku a mako har tsawon wata uku, ki ga likita, kuma kada ki fara sayen maganin barci da kanki kafin nan.